Kujerar Aski a Kan Dutse

Mijin yayata, wanda duk unguwa ke kira Mai Hange, tun da yake bai taɓa ganin hoton da ya yi masa daidai ba. Ka nuna masa hoton ɗanka, ya ce kunnen hagu ya fi na dama shan haske. Ka nuna masa na sabon gidanka, ya ce ka tsaya inda bai kamata ba, shi ya sa ginin ya fito kamar mai jin barci. Hatta hoton aurensa da ke rataye a falo, kullum sai ya tsaya gabansa ya girgiza kai, har Yaya ta gaji ta tambaye shi wai hoton ne bai yi masa ba, ko wadda ke ciki.

Sana'arsa sayar da kwaɗo da sarƙa da ƙusa ce, a wata 'yar rumfa kusa da tasha. Amma da ƙuruciya ya taɓa zama na ɗan lokaci a shagon wani mai ɗaukar hoto, inda aikinsa shi ne yanke gefen hoton fasfo da almakashi. A bakin wannan almakashin ya kwaso duk ilimin da yake raba mana har yau, ko mun tambaya ko ba mu tambaya ba.

Fadarsa shagon Mai Aski ne. A kusurwar shagon, daidai ƙarƙashin fanka, akwai wata tsohuwar kujerar aski mai juyawa da aka daina aiki da ita tun da sabuwa ta zo. Fatarta ta tsage, soso ya leƙo, amma wajen juyawa ko ƙara ba ta yi. Nan Mai Hange ke zama kowace yamma. Wanda ya yi magana ta dama, ya juyo dama ya gyara masa zance; wanda ya yi ta hagu, ya murɗo hagu. Ba mai zama kan kujerar nan sai shi. In baƙo ya zauna bisa rashin sani, Mai Hange zai tsaya a kansa yana tari har sai ya gane.

To, sai Mai Aski ya sa aka yi wa shago fenti. Dogon bangon da ke saman madubai ya zama fari tas, ba komai a jikinsa. Mai Aski ya ce yana son dogon hoto a wurin, irin mai faɗin nan na duwatsu ko na bakin teku, wanda mutum zai riƙa kallo ana yi masa aski. Tela, wanda shagonsa ke jikin na Mai Aski, kuma abokin musun Mai Hange tun suna da gashi, ya ciro waya ya ce ai shi ma ya taɓa ɗaukar irinsa a wata tafiya. Kafin Mai Aski ya miƙa hannu, Mai Hange ya juyo da kujera ya karɓe wayar.

Ya gyara tabarau, ya kai wayar nesa, ya kawo ta kusa, ya yi wani ɗan tsaki mai tausayi. Ya bayyana mana cewa wannan layin da sama ke haɗuwa da ƙasa, su a sana'a ɗamara suke ce masa. Ban taɓa jin wani mahaluki ya kira shi haka ba. Ya ce ɗamarar Tela ta zame, hasken ya yi gardama, hoton gaba ɗaya ba ya numfashi.

Tela ya karɓi wayarsa ya goge ta da bakin riga. "Mai Hange, shekara da shekaru kana yi wa hotunan mutane jana'iza. Ko na kaza ba mu taɓa ganin ka ɗauka ba."

Almakashin Mai Aski ya tsaya a iska. Wanda ake yi wa aski ma ya leƙo ta madubi.

Mai Hange ya ce dalilin da ya sa ba ya ɗauka, gudun kashe wa masu sana'ar kasuwa ne. Amma tunda an taɓo shi, a sa rana. Nan take aka ƙulla: ƙarshen wata kowa ya kawo dogon hotonsa, mutanen shago su yanke hukunci. In Tela ya faɗi, zai ɗinka wa Mai Hange rigar masu ɗaukar hoto, mai aljihu gaba da baya. In Mai Hange ya faɗi, zai bar wa Tela kujera, kuma ba zai ƙara buɗe baki a kan hoton kowa ba a shagon nan. Mai Hange da kansa ya ƙara sharuɗɗa: kada a rubuta suna a jikin hoto, a rataye su a rufe, kuma shi zai fara magana ranar, don jama'a su san abin da za su duba.

Washegari ya kira ni gidansa. Ni direba ne, ina da 'yar motar ɗaukar kaya, kuma ƙanin mata ba ya cewa a'a sai ya shirya jin faɗan yayarsa. Na tarar da shi tsakiyar falo yana juyawa da waya a hannu kamar mai neman alƙibla. Ya nuna mini yadda abin yake. Wai fanorama ake ce masa: ka danna, ka riƙa juyawa a hankali kana bin wata 'yar kibiya, wayar ta ɗinke duk abin da ta gani ya zama hoto guda. Ya gwada a falo. Yaya ta fito da rabin fuska, kabad ya karye ta tsakiya, agogon bango ya haihu.

Na tambaye shi ko wayar ce ba ta da lafiya.

Ya ce wayar lafiyarta ƙalau, ƙafar ɗan Adam ce ba a halicce ta don juyawa ba. Manyan masu sana'a suna da wani ƙarfe mai ƙafa uku da ke juya musu kyamara sumul. Shi kuwa yana da abin da ya fi wannan. Ya dube ni ta saman tabarau yana jiran in gane. Da na gane, sai bayana ya fara ciwo tun kafin a je ko'ina.

Yaya ta leƙo daga kicin ta ce, "Baban yara, kujerar mutane za ka ɗauka ka kai kan dutse?"

"Kujerata ce har ƙarshen wata, da bayan ƙarshen wata."

Mai Aski bai hana ba. Ya ce dai ta dawo yadda ta tafi, sannan ya tambaya ko a haɗa mana da reza da tawul, ko ma samu ciniki a hanya.

Muka ɗora kujera a bayan mota. Mai Hange ya ce ba zai bar ta ita kaɗai ba kada ta gogu, don haka ya hau ya zauna a kanta, ya harɗe ƙafa. Abin da bai lissafa ba shi ne kwana. Duk kwanar da na sha, sai kujera ta kwashe shi ta zagaya da shi. A layin kasuwa ya gaisa da mutanen dama da na hagu ba tare da ya motsa wuya ba. Mai shayi ya ɗaga masa hannu, kafin ya amsa ya riga ya ba shi ƙeya, ya sake dawowa. Masu babur suka biyo mu suna danna hon. Da muka bar gari ya buga rufin mota, ya sauko ya shiga gaba, ya ce ya gama gwajin ƙarfe, kuma in buɗe gilashi.

Dutsen yana da nisa da gari, kuma titi a gindinsa yake ƙarewa. Daga nan sai 'yar siririyar hanya ta ƙafa. Duk wanda bai taɓa ɗaga kujerar aski ba, ya gode wa Allah. Gindinta wani faifan ƙarfe ne da aka yi shi don kada ta motsa har a tashi duniya. Muka raba kaya: ni na ɗauki kujera, shi ya ɗauki matashin kai da waya, ya shiga gaba yana gaya mini inda zan taka.

Akwai masu zuwa motsa jiki a wurin, suna saukowa da gorunan ruwa. Wata mata ta tsaya ta tambaya ko yanzu har a sama ake aski. Wani dattijo ya cire hula ya shafa kai, ya ce in akwai layi a sa shi. Mai Hange ya gaya musu aikin ilimi ne, ba zai yiwu a yi musu bayani a tsaye ba. Dattijon ya nuna kujera ya ce to ai ga wurin zama.

Muka kai sama rana ta ɗan karkata. Gaskiya wurin ya haɗu: duwatsu sun jeru suna leƙen juna har inda ido ya gaza, gari ya koma kamar an watsa ƙwayar hatsi. Mai Hange ya taka da ƙwarin gwiwa har bakin gaɓa, ya leƙa ƙasa, ya dawo da baya da baya, ya dafa ni. Ya ce iska ce ta shigar masa ido. Bai sake ni ba sai da muka yi nisa da gaɓar.

Ya zaɓi wani fallen dutse ya ce nan ne cibiyar hoto. Na ce masa wurin a karkace yake. Ya ce idon direba a titi ya ƙare. Ya hau kujera, ya miƙa hannu biyu da waya, ya danna, ya runtse ido gam.

"Yallaɓai, ai ka rufe ido."

"Ƙwararre ba da ido yake ɗauka ba, da ƙirji yake ɗauka. Tura, a hankali."

Na tura. Rabin farko hawa ne, sai da na sa kafaɗa. Wata akuya da ke kiwo a wurin ta taso ta shiga gaban waya, ta riƙa tafiya daidai da tafiyar kujera, tana tauna, kamar an ɗauke ta aiki. Da muka kai inda dutsen ya gangara, kujera ta ƙwace daga hannuna. Na hango rubutu a fuskar waya na ce masa wayar ta ce ya rage gudu. Ya ce in gaya mata ba shi ke tuƙi ba.

Cikin neman inda zai kafa ƙafa, sai ya taka ƙarfen nan da ake sauke kujera da shi. Ta fara sauka da shi tsalle-tsalle tana juyawa, kamar mai shaƙuwa. A zagaye na gaba tabarau ya yi sallama da fuskarsa, ya bi iska ya gangara inda ba mai bin sa. Da ƙyar na cafko hannun kujera. Mai Hange ya buɗe ido, ya tambaye ni dutsen ne ke yawo ko shi. Ya duba waya, fuskarta baƙi ƙirin, caji ya ƙare.

Ya zauna a ƙasa har duniya ta tsaya masa. Sannan ya yanke hukunci cewa hoton ya tafi, kuma ba a yi asara ba, don dutsen nan ba shi da fuskar hoto. Ya ce dama kuskure ne ƙwararre ya tsaya wahala da abin da ke da tudu da kwari. Teku za mu je. Ita Allah ya riga ya daidaita mata ɗamara, dannawa kawai za a yi.

A gida Yaya ta dube shi ba tabarau, ta dube ni ina tafiya a duƙe. Sai ta ajiye masa abinci a gabansa, ta kama hannunsa ta ɗora a kan cokali.

Ranar zuwa teku ya sa fararen kaya, wai don haske ya san da wa yake magana. Bakin ruwan cike yake da jama'a: masu wanka, masu yawo, masu sayar da lemo mai sanyi, masunta na jan jirgi can gefe. Busasshen yashi bai yi masa ba, ya ce yana da taushin hali. Ya sa na ja kujera har kan jiƙaƙƙen yashin nan mai santsi, inda ruwa ya janye ya bari. Ya hau ya zauna, ya ce sai mun jira haske ya nuna. Muka yi ta jira kamar masu gadin mangwaro.

Kafin haske ya nuna, mutane sun taru. Wasu suka ce fim ake yi. Wata mai lemo ta ce a'a, irin masu ciwon baya ne da likita ke turowa shan iska. Wani ya matso ya tambaye ni a asirce ko maigidan nawa yana duba. Mai Hange ya miƙe ya yi musu jawabi, ya ce duk wanda ya shiga gaban waya ya ɓata tarihi, don haka kowa ya fita daga teku. Ba wanda ya fita. Sai ya sassauto, ya ce to waɗanda ke kan tudu su koma bayansa, in kujera ta juya su juya tare da ita.

Abin mamaki, suka yarda. Ya miƙa waya ya danna, na fara turawa, jama'a suka biyo bayana suna jan ƙafa a jere kamar hannun agogo, mai lemo da farantinta a ka, wani da jariri a kafaɗa. Na farkon layi takawa yake, na ƙarshen layi gudu yake don ya cim ma kwana. Duk wanda ya yi dariya, Mai Hange ya ce ya yi shiru, sauti yana girgiza haske.

Ni dai na lura turawar na ƙara nauyi, kuma kan Mai Hange da ke daidai ƙirjina ya dawo daidai cikina. Kujera nitsewa take, kuma ta gefe guda. Na gaya masa. Ya ce kada in katse masa numfashi. Sai ga ruwa ya dawo, ya shafi ƙafafunmu ya koma. Hannun agogo ya watse, kowa ya kama gabansa. Na biyu ya zo har gwiwa. Mai Hange ya cire ƙafafu daga mataki ya ɗaga su sama, takalma suka bi ruwa, amma bai saki waya ba, ya ce in ci gaba, saura kaɗan kibiya ta kai gida.

Kibiya na kaiwa gida, babbar igiyar ruwa, uwarsu duka, ta iso. Ban ga komai ba sai kumfa. Da ta janye, na ga hannu ɗaya a sama riƙe da waya, a bushe, sauran Mai Hange kuwa yana ƙasa yana furzar da gishiri. Kujera ta nitse har wuya. Sai da masunta suka ara mana igiya, aka ɗaura a mota, jama'a na ba da umarni kowa da nasa, sannan ta fito da wani irin sauti kamar an cire haƙori.

Yana ɗigar ruwa ya kai wayar dab da hanci. Ba tabarau, ba abin da yake gani sai wani siririn zare mai shuɗi. Ya yi murmushi ya ce ko makaho ya san wannan ya yi. Ya miƙo mini wayar ya ce in kai wa mai wankin hoto, in ce ya wanke dogon hoton da ke ciki, babba, kuma in wuce da shi wajen Mai Aski kai tsaye. Shi ba zai gani ba sai ranar, don yana so ya ji abin da jama'a za su ji.

Mai wankin hoto ya buɗe waya ya ce dogayen hotuna biyu ne a ciki, wanne? Ashe na dutsen bai tafi ko'ina ba, wayar ta adana shi kafin ta mutu. Na ce ni dai an ce dogo. Ya auna ya ce tsawonsu ɗaya. Ya wanke duka biyun, yana yi yana share hawaye. Mai Aski ya warware su, ya duba, ya nemi wuri ya zauna. Da ya samu numfashi ya rataye su gefe da gefe a saman madubai, ya rufe kowanne da mayafin aski. Kujera kuwa na wanke ta na mayar kusurwarta.

Ranar hukunci shagon ya cika har ƙofa. Waɗanda suka yi aski jiya ma sun dawo gyaran fuska. Tela ya aiko cewa yana ƙarasa wata riga, a fara. Mai Hange ya iso da sabon tabarau, ya ga abu biyu a rufe a bango, ya gyaɗa kai. Bai ko zauna ba. Ya ɗauki dogon mataji a matsayin sanda, ya ce a buɗe na hagu.

Mai Aski ya ja mayafi.

Duwatsu ne, in an matsa wa mutum ya faɗi sunansu. Daga hagu sun fara lafiya, suna zuwa tsakiya suka fara sauka bene-bene, daga nan suka narke suka zama kamar an ja rigar da ba ta bushe ba. A gaba kuwa, daga wannan gefe har kusan wancan, akuya ce guda ɗaya mai tsawon motar bas. Kai ɗaya, wutsiya ɗaya, ƙafafu kuwa sun fi ƙarfin ƙirga. Tana tauna.

Shagon ya ɗauki dariya, Mai Hange ya ɗaga mataji aka yi shiru. Fuskarsa ta cika da annuri. Ya ce kada a yi dariya, abin tausayi ne, wannan shi ake samu in tela ya bar keke ya kama abin da ba nasa ba. Ya bi ɗamara da mataji ya nuna inda ta karye, da inda ta sake karyewa. Ya ce mai hoton nan hannunsa rawa yake, zuciyarsa ma rawa take, kuma da ganin yadda ya tsaya nesa da gaɓa matsoraci ne. Ya ce ya rantse ido a rufe aka ɗauki wannan abu. Akuyar kuwa, a tambayi mai hoton ko awo ya yi mata na zani. Ya kai mataji can kusurwar sama, inda wani baƙin abu ke shawagi, ya ce ga kuma tsuntsu ba kai ba gindi, sai ido biyu.

Mai Aski ya ce, "Malam, ka bi a hankali."

"Ba a bin ɓarna a hankali. Mai wannan hoton, a karɓe masa waya. Kuma in yana da kunya, kada ya ƙara sa baki in ana zancen hoto. Buɗe na dama."

Teku ce. Ta karkata gaba ɗaya zuwa hagu, har mutum ya ji kamar ya tara bokiti a ƙarshen bango. Akwai wani mai wanka da ƙafafunsa suka riga shi fita daga ruwa. A ƙasan hoton, daga tsakiya zuwa ƙarshe, yatsun ƙafa ne a jere kamar an shanya su, sannan wani farin bango na kumfa ya rufe zancen.

Mai Hange ya goge tabarau, ya mayar. Sai ya gyara murya ya ce to, yanzu ga aiki. Wannan karkatar da muke gani ba zamewa ba ce, motsi ne; teku abu ce mai rai, jahili ne ke daidaita ta. Yatsun kuwa da gangan ne, don mai kallo ya ji kamar ƙafarsa ce a wurin. Wani daga baya ya ce shi nasa yatsun ba su kai haka yawa ba. Mai Hange ya ce shi ya sa ba shi aka ba mataji ba.

Yana cikin bayanin kumfa Tela ya kutso, zare a kafaɗa, da wata doguwar takarda a naɗe a hammata. Ya ba da haƙuri, ya ɗaga kai ya dubi bango, ya ce, "To ni ina zan rataya nawa? Na ga an cinye wurin."

Kowa ya juyo ya dubi Mai Hange.

Mai Hange ya dubi takardar Tela. Ya dubi teku. Ya dubi akuya. Ya juyo gare ni a hankali, da ƙafarsa wannan karon.

"Direba, wannan na wane ne?"

"A wayarka aka same shi, Yallaɓai."

Mai Aski ya karɓi mataji daga hannunsa, ya nuna tsuntsun nan mai ido biyu, ya tambaye shi ko bai gane tsohon tabaransa ba.

Abin da ya biyo baya ba dariya ba ce, ciwo ne. Wanda ke kan sabuwar kujerar aski ya zame ƙasa da kumfa a haɓa. Mai shayi ya fita waje ya dafa bango. Mai Hange ya jira abin ya lafa, ya ce in aka sake duba hoton da natsuwa, akuyar tana da wani zurfi da ba kowa zai gane ba. Tela, wanda aka riga aka ba labari tun daga ƙofa, ya ce shi ba shi da ilimin da zai ja da alƙali. Alƙali ya ce a karɓe waya, ya ce a rufe baki, shi a wa?

Aka warware hoton Tela don cika sharaɗi. Wani tudu ne da wayar lantarki ta ratsa ta gabansa, da ɗan yatsa a kusurwa. Ba wanda ya kalle shi sau biyu. Aka ba shi nasara, aka kuma roƙi Mai Aski kada ya sauke akuya.

Tela ya taka zuwa kusurwa yana gyara riga, ya zauna kan kujera, ya harɗe ƙafa yadda mai ita ke yi. Ya yunƙura zai juyo ya kalli jama'a. Kujera ta yi wata ƙara kamar an taka kyanwa, ba ta motsa ba. Ya sake yunƙurawa. Gishiri ya riga ya cinye ƙarfen, ta kafe tana kallon bangon hotuna. Sannan ya ji sanyi na ratsa wandonsa, don soson bai gama mayar da tekun da ya sha ba. Ya miƙe yana taɓa baya. Aka ce a ɗaga ta a juyar, kowa ya dube ni, na ce bayana ya riga ya yi rantsuwa.

Tela ya ce, "Kujera na yafe maka, Mai Hange. Bakin ne ban yafe ba."

Haka aka yi. Har yau kowace yamma yana zuwa, ya shimfiɗa leda, ya zauna ƙarƙashin fanka, shi da akuya ido cikin ido. In aka ciro waya ana nuna hoto a bayansa, sai ka ga kunnuwansa na motsi, wuyansa na neman karyewa, amma ba hali.

Rannan wani baƙo ya shigo aski. Tun da aka ɗaura masa mayafi idonsa ke bango. Can ya kasa daurewa, ya tambaya wai don Allah wane bawan Allah ne ya ɗauki wannan abin. Duk shagon muka juya muka dubi kusurwa.

Mai Hange bai ko ƙifta ba. Ya gyara tabarau ya ce, "Ka yi haƙuri, malam. Ni an hana ni magana a kan hoto."